Ɗiyar Farin da Na Goyo daga Kurmi

Shekara uku bayan fara ta cinye mana gero a tsaye, a ranin da anka ƙare kwasar mazan garinmu zuwa aikin hanyar mota, kafin yaƙin Nasara da anka ɗebi samari soja da kamar damina shida, lokacin ne na dawo daga Kurmi da ɗiya a bayana. Wanda ya san lissafin takarda ya lissafa. Ni ban shiga lakkwal, makarantar Nasara, ba, da haka nake riƙe shekaruna, kuma ba su taɓa zube mani ba.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin Gesheme da Tibiri, inda rijiya ba ta da zurfi. Nan anka kawo ni aure, nan na yi shekara tara a ɗaki ban ko yi ɓari ba. An kai ni wajen masu bori. An yanka baƙar akuya don doguwar da ke tsamiyar bayan gari. Na sha sassaƙe har harshena ya daina sanin ɗaci. Ban yi kuka gaban kowa ba. Ni doguwar mace ce, in na ɗauki tulu ba na kama shi da hannu, kuma a gidanmu ba a koya mana sunkuyar da kai ba. In ana suna a gari ni ke fara zuwa, ni ke dakan gumba, ni ke rangaɗa guɗa, don kada wata ta ce baƙin ciki ya hana ni fitowa.

Da fara ta gama da mu, maigida ya ce zai bi ayari zuwa Kurmi, ƙasar goro, ya yi dako. Maza kaɗai ke zuwa a lokacin. Na ce da ni za a tafi.

Ya ce, "Mace ba ta wannan tafiya."

Na ce, "In na zauna mi zan tsare? Rumbu wofi, ɗaki wofi."

Ya bar ni na bi shi. Mutum ne mai ƙarancin zance, Allah ya jiƙan shi.

Munka bi ta Gaya, munka ƙetare kogi cikin kwalekwale, munka ratsa ƙasar Dahome har Jugu, munka faɗa Salaga, sannan wani kogin kuma, sannan daji mai itatuwan da rana ba ta taɓa gindinsu. A zangon Kumasi munka sauka, cikin wani gida mai ɗakuna a jere da rufin kwano. Shi yana ɗaukar huhun goro a ka daga safe zuwa yamma, ni ina tuyar ƙosai a ƙofar gida. Can ne ma ya koyi salla wajen mutanen zango.

Ɗakin da ke jikin namu wata mata ce a ciki. Ba Bahausa ba ce, ba kuma Batoniya ba, wato ba ƴar Kumasi ba ce. Daga arewacin ƙasar ta fito, mutanen wani yare da ban taɓa ji ba. Gajera ce, baƙa, mai wushirya, itace take sarowa tana saidawa. Mijinta rami ya rufta da shi wajen haƙar zinariya. Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba, ni kuma ko ruwa ban iya nema da yarenta ba. Mai itace muke ce mata. Har yau ban san sunanta na gaskiya ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da ke damuna.

Tana da ɗiya da ta fara tafiya. Yarinyar nan ƙamshin mai ke jawo ta wajen kaskona. Da fari korar ta nake, don wuta. Daga baya sai in ɗauki ƙosai guda in hura shi ya huce in miƙa mata. Daga nan uwar ta fara barin ta wajena in za ta daji. Ba ta roƙe ni ba, ban kuma ce ta kawo ba. Takan dai sauke ta kusa da ni, ta dube ni, ta ɗauki gatarinta.

Damina ta biyu mai itace ta kama tari. Ta rame har wushiryar tata ta yi kamar ta ƙara faɗi. Wata rana da hantsi na ji ana buga bangon da ke tsakaninmu. Na shiga na iske ta zaune ta jingina, da wani tsoho ɗan ƙasarsu mai saida taba, wanda ke jin Hausa. Ta yi mani alama in juya baya in durƙusa. Ta ɗora mani yarinyar. Ta kwance majanyinta, saƙin ƙasarsu mai ratsin fari da shuɗi, ta zagayo da shi ta ɗaure mani a ƙirji da hannunta. Ɗaurin ya yi ƙarfi.

Sannan ta faɗi sunan yarinyar, ta nuna bakina.

Na sha jin tana kiran ta da shi, ban dai taɓa gwadawa ba. Suna ne mai gaɓa uku, a tsakiyarsa akwai wani sauti da ke fita ta hanci, wanda harshen Bahaushe bai san wurin zamansa ba. Na faɗa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na ƙara. Ta girgiza kai, ta kama hancina da yatsu biyu. Haka munka yi ta yi, ita mai mutuwa tana dariya, ni babbar mace ina gwama harshe kamar jaririya, har na faɗe shi daidai, yarinyar ta ɗago kai daga bayana ta amsa.

Tsohon ya ce, "Ta ce ba ta da kowa a nan, can garinsu kuma babu mai karɓar ɗiyar. Ta ce ta ga yadda kike hura ƙosai kafin ki ba ta. Ta ce abu guda take so. Ki riƙa kiran ta da sunan nan, don na kakarta ne."

Na ce, "Gaya mata na ɗauka."

Anka kira sarkin zango ya shaida. Kwana tara bayan haka ta cika.

Shekara tara na yi ina roƙon doguwa da akuya da zakara, ba ta ba ni ko ƙyalle ba. Matar nan ba ta san garinmu ba, ba ta san ko mu masu cin amana ne ba, ba mu taɓa zance mai tsawon numfashi uku da ita ba. Abu guda ta mallaka a duniya, ta ɗaure mani shi a ƙirji. Duk abin da na zama bayan haka, ita ta maishe ni shi.

Da munka kamo hanyar gida, sunan nan bai bar bakina ba. Da shi nake tada ta, da shi nake lallashinta, har waƙa na yi mashi mai tafiya da takun ƙafa. Maigida ya gwada faɗinsa sau biyu, yarinyar ta yi mashi dariya, ya bari. "Ke" yake ce mata har ya mutu. Wata biyun da munka yi a hanya, ban ƙara samun irinsu ba.

Munka iso gida bayan damina uku. Yarinyar ƙarama ce a jiki, mai son ya yarda zai iya yarda can na haife ta. Ni ban ce na haife ta ba, ban kuma ce ban haife ta ba. Amma ni doguwa ce mai haske, ita gajera baƙa, fuskarta sumul babu zanen Arawa irin namu. Ƙanwar mijina, wadda muke wasa da ita, ita ta fara a bakin rijiya.

"Matar yaya, ashe a Kurmi har ɗiya ake saidawa? A wace rumfa, kusa da ta goro?"

Na ce, "Kusa da rumfar hankali. Na so in sayo maki, sunka ce ba su da mudun da zai ishe ki."

Mata sunka yi dariya, ita ma ta yi. Wasa ne. Amma zancen saye ya tashi daga rijiya ya shiga gari, kuma zance ne mai haɗari a zamanin. Nasara sun tsananta a kan masu shigowa da ɗiyan wasu daga nesa, suna cewa cinikin bayi ne. Ana faɗin wani mutum wajen Sukukutane da anka ɗaure, anka karɓe yaron da ke hannunsa anka kai inda ba wanda ya sani.

Bayan girbi kumandan, Banasaren da ke mulkin ƙasarmu, ya zo daga Dogon Dutsi ƙidayar mutane, da gardi biyu masu tsaronsa da tafinta, wani Bazabarme mai jar hula. Anka kafa mashi tebur gindin gawo. Kowane gida ya jeru, ana kira ana dubawa. Da anka zo kanmu tafinta ya tsaya yana kallon fuskar yarinyar, ya dubi tawa, ya dubi ta maigida.

"Wagga fa? Ba ta cikin takarda."

Maigida ya ce, "Ɗiyarmu ce. A Kurmi munka same ta."

"Ke uwar, mi ne sunanta?"

Sunan yana kan harshena. Amma na san in ya fito, duk wanda ke gindin gawon nan zai ji ba sunan da Ba'are ke raɗa wa ɗiyarsa ba ne, tafinta kuma zai fi kowa ji. Ban yi shawara da kowa ba. Na ja mayafi na rufe fuskata, na juya baya, na sunkuyar da kai, ni da ban taɓa sunkuyar da shi ba.

Sai na ji muryar surukata, uwar maigida, daga cikin tsofaffi.

"Kai ɗan nan, a garinku tambayar mace ake sunan ɗiyar farinta? Ku Zabarmawa ba a haife ku da kunya ba?"

Wurin ya ɗauki dariya. Tafinta ya sosa ƙeya, ya juya ya yi wa kumandan bayani da yarensu. Kumandan ya yi murmushi ya kaɗa hannu. Maigari ya laƙaba mata wani suna nan take, daga sunan ƙasar da ta fito, anka rubuta shi, anka rubuta ta ɗiyar maigida. Munka koma gida.

Ƴan yanzu ba su san nauyin abin ba, bari in faɗa. A wajenmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, namiji ne ko mace. Ko wani mai irin sunan ta gamu da shi, sai ta kauce. Ba ta yi mashi wasa, ba ta kallonsa cikin mutane, ba ta cin abinci ƙwarya ɗaya da shi. Kaka ke rainonsa. Wadda ka ga tana kiran ɗanta guda da suna, tana cilla shi sama tana caɓewa, kowa ya san riƙo take yi, ba ita ta haifa ba. Da kunyar nan ake gane uwa.

Ran nan da la'asar surukata ta shigo ɗakina, ta naɗe ƴar tabarmar yarinyar ta sa a hammata.

"Ɗiyar fari ba ta kwana ɗakin uwarta. Kin yi kunya gaban gari, sai ki cika ta."

Tsohuwar nan ta karɓi haihuwa ba adadi, ta san ƙirjin da bai taɓa shayarwa ba. Ta san kome. Alheri ta yi mani, ta rufe bakin gari da hannunta. Ta kama hannun yarinyar sunka ƙetare tsakar gida, taku ashirin ne daga ƙofata zuwa tata.

Da safe ina daka, ƙanwar mijina na tankaɗe kusa da ni, sai ga yarinyar ta fito ta tsaya gaban turmi. Ta jira in kira ta kamar kullum. Ban ɗago ba. Ta ja bakin zanena. Na ce wa ƙanwar mijina, "Ɗauke waccan kada taɓarya ta same ta." Anka ɗauke ta, ta dawo. Sai ta sa hannu tana buga ƙirjinta tana faɗin sunanta, a hankali, gaɓa gaɓa, yadda uwarta ta koya mani. Tana tsammani mantawa na yi.

Ƙanwar mijina ta ce, "Mi take cewa haka?"

Na ce, "Shirmen yara."

Na ci gaba da daka. Geron ranar ya daku fiye da yadda ake so.

Ta yi haka kwana da kwanaki. Kullum hantsi sai ta zo gaban turmi ta tuna mani. Daga baya ta koma yi daga ƙofar kakarta, ba ta matsowa. Daga baya ta daina. Kafin wata damina ta zagayo Hausa ta cika mata baki, yaren uwarta ya fita, sunan ya fita tare da shi.

Za ku ce mi ya hana in kira ta a ɓoye. Gidanmu dangar kara ce, tarin maƙwabci ma ana ji. Yaro kuma ba ya riƙe asiri, in ya samu a ɓoye zai nema a fili. Wannan shi ne dalilin da na riƙa ba kaina. Akwai wani kuma, tunda na tsufa bari in faɗe shi. Daɗin kunyar nake ji. In na shiga taro yarinyar ta gifta na kau da kai, mata sunka ce, "Ku dube ta, mai kunyar ɗiyar fari," sai in ji abin da na jira shekara tara ya sauka a kaina kamar sabon zane. Ban so in tuɓe shi ba.

Abu guda na tsare. Surukata ta so a kira wanzami ya yi mata zanen gidanmu, na aika ta bakin maigida cewa a bar fuskar yadda take. Sunka ɗauka tausayin aska ne. Ni kuwa fuskar mai itace nake gani a wurin, ban so a taɓa ta ba.

Haka ta girma taku ashirin daga ɗakina. In na dama fura sai in zuba mai kaurin a ƙwaryar kakarta, na san wa zai sha. In ta yi zazzaɓi ina bayan ɗakin ina sauraren numfashinta, in an fito in yi kamar kaji nake kora. Inna take ce mani, da ladabi, daga nesa. Ban ƙara samun wata ba, ban kuma yi ciki ba har jini ya ɗauke. Maigida ya rasu shekarar da sojan da anka ɗiba sunka fara dawowa. Surukata ta bi shi bayan damina biyu.

Wani saurayi ɗan Dumega ya auri yarinyar, mai zuwa Kurmi duk rani. Shekara ta biyu ya ce da ita zai tafi, kuma zama za su yi. Ta zo sallama. Ta iske ni da hantsi ina ɓarar gyaɗa, ta zauna gefe ta ja tata ƙwaryar.

"Inna, ina da wani suna kafin wanga."

"Wa ya gaya maki?"

"Ba kowa. Jin sa nake kamar ana kira daga bayan gari, in na juya sai ya ɓace."

"Uwa ba ta faɗin sunan ɗiyar fari."

"To ki faɗa wa Gwaggo ta faɗa mani." Ƙanwar mijina take nufi.

"Da wane baki zan faɗa mata? Shi ke nan guda."

"Ki faɗa wa tukunya, ni ina bayan danga. Ko ki kira akuyar can da shi in ji."

Tana dariya take faɗi, amma hannunta ya daina ɓara.

Na ce, "Kwashe ɓawon nan ki kai murhu."

Ta kwashe ta kai ta dawo, ta tsaya a kaina. Ba ta taɓa tsayawa a kaina ba.

"Ko haihuwata kika yi ko tsinto ni kika yi, ban tambaye ki ba, Inna. Suna na tambaya. Can za ni. In na gamu da mutanenmu, mi zan ce masu?"

Ban ɗago ba. Da na faɗa, da na tuɓe shekara goma sha biyar na ajiye gabanta. Na tashi na shiga ɗaki, na buɗe tukunyar tufafina, na ɗauko majanyin nan mai ratsin fari da shuɗi na miƙa mata ina kallon gefe. Ta karɓa ta jujjuya shi. Ba ta tambayi na wa ne ba.

Ranar tafiya ƴan uwa sunka raka ta inda kamyo, babbar motar kaya, ke tsayawa. Uwa ba ta rakiyar ɗiyar fari. Na tsaya bayan rumbu har na daina jin muryoyinsu.

Daga nan gida ya zama ni da kaji. Ɗakin surukata ya rushe, ban sa an tada shi ba, ban kuma sa an share wurin ba. Duk shekara masu dawowa daga Kurmi kan kawo mani goro da gaisuwa, wani lokaci da turmin atamfa. Na ji ta haihu, na ji ta ƙara, na ji ta ƙara. Ita ba ta zo ba. Na iya tatsuniya, yaran gari kan taru ƙofata, amma in sun watse sai in ji gidan ya fi dā girma. Sunan kuwa ina juya shi cikin baki ba murya, in ina daka, in ina jan guga, don kada ya yi tsatsa.

Wata kaka zazzaɓi ya kwantar da ni kwana goma sha. Ranar da na tashi na zauna ƙofar ɗaki, na nemi sunan na rasa. Farkonsa na nan, ƙarshensa na nan, tsakiyar ta tafi. Tun hantsi har azahar ina lalube. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko gaban kumandan. Maƙwabciya ta kawo mani kunu mai zafi, na ɗiba a ludayi ina hurawa, sai ga shi ya dawo cikakke da sautin hancinsa.

Na ajiye ludayin. Mai itace abu biyu ta ba ni, ɗiya da suna, ta ce in haɗa su. Na riƙe ɗiyar, na raba ta da sunan don mata su yaba ni a taro. Tsohon mai taba ya daɗe da mutuwa, maigida bai taɓa iyawa ba. Da zazzaɓin nan ya tafi da ni, da ba sauran wanda ya san shi a duniya.

Shekarar da anka yi ta zancen ƙuri'a, ana cewa Nasara sun fara ɗaure kayansu, na ji labarin wata matar mai fataucin goro a Tibiri da ke bin mijinta har Kumasi. Na taka da ƙafata ranar kasuwa. Na ja ta bayan rumfunan masu gishiri inda ba mutane.

Na ce, "Saƙo zan ba ki, ba na ɗauka a ka ba ne."

Na buɗe baki na faɗe shi. Shekara ashirin da wani abu bai ji iska ba. Muryata ta fito kamar ta wata.

Ta gwada, ta ɓata. Ta ƙara, ta ƙara ɓatawa. "Iya, wanga suna ne ko atishawa?"

Na kama hancinta da yatsu biyu. Sai na ji ina dariya, irin dariyar da anka yi mani. Munka yi ta yi har ta kusa.

Na san abin da nake yi. Mai faɗin suna ba ita ta haifa ba. Don haka na ƙarasa. Na ce ta gaya wa ɗiyata wadda ta haife ta gajera ce mai wushirya, mai saida itace, daga arewacin ƙasar. Na kakarta ne sunan. Majanyin na uwar ne, ita ta ɗaure mani shi da hannunta. Ta ce in riƙa kira, na ce na ɗauka, ban cika ba. Na ce ta kuma gaya mata wadda ta haife ta ta fi ni.

Na koma gida ba ɗiyar fari. Haka na ɗauka. Rani ya wuce, damina ta wuce, ina jiran abin da ban san kamarsa ba.

Bayan an ɗaure gero matar mai goro ta yi sallama ƙofata. Na ba ta ruwa, ta sha, ta yi ta ba ni labarin hanya da tsadar kwalekwale, ni kuwa ban tambaye ta ba. Sai da ta gaji don kanta.

"Na same ta tana wankin ɗiyanta. Na ce daga Inna nake, na faɗi abin. Ta tsaya da zane a hannu. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Sai ta ce ba haka ba ne, ta gyara mani, ta hanci, daidai yadda kika yi. Sannan ta zauna ƙasa cikin ruwan wankin."

"Sauran fa, kin faɗa?"

"Duka. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, lokacin da Inna ta faɗa maki, wa ya ji? Na ce ba kowa, bayan rumfar gishiri ne. Ta ce to madalla. Ki gaya wa Inna na karɓa, na gode. Kada ta ƙara faɗinsa. Ki ce ɗiyar farinta ce ta ce."

Na ce wa matar ta ƙara shan ruwa. Na tashi na shiga ɗaki na ɗan jima.

Ban ƙara faɗinsa ba. Malamar da ke rubuta mani wannan ta nemi in gaya mata don ta sa a takarda, na ce ta bar wurin fili.

Sau ɗaya ɗiyata ta zo, bayan Nasara sun tafi, ta kwana goma. Mun zauna kan tabarma ɗaya muna ɓarar gyaɗa, ba mu dubi juna ba. In ina son wani abu sai in ce "ke", ta amsa. Ta koma, hanya kuma ta yi mana nisa.

Cikin waɗanda sunka tsaya gindin gawon nan ranar ƙidaya, ban da ni da ɗiyata, ƙanwar mijina kaɗai ta rage, tana Dumega wajen jikokinta, idonta ya tafi, amma in ta ji muryata har yau sai ta tambaye ni rumfar da ake saida ɗiya. Gawon ma an sare shi. Matar mai goro tana Tibiri, ta daina tafiya. Bara na tambaye ta ko tana tuna saƙon da na ba ta, ta ce ya daɗe da fita kanta. Ɗiyata tana Kumasi, an ce furfura ta fara fito mata. Sai ni, nan ƙofar ɗakin.